Motar da Ba Ta Shan Mai

A tsibirinmu ba a kulle mota. Wanda ya kulle ya zagi mutane ke nan, kuma kowa zai ji zagin a jikinsa. Mu ɗari da 'yan kai ne a nan gaɓar arewacin Norway, hanya ɗaya ce tal, jirgin fito kuma sau biyu yake zuwa a rana. Ɓarawo ya saci mota ya kai ta ina, cikin teku? A jiki ake barin makulli, ko don mai share dusar ƙanƙara ya matsar da ita in ta tare masa hanya. Shi ya sa ranar da Aslaug Nesvik ta tsaya gaban kanti ta murɗa makulli a ƙofar tsohuwar motarta ta jefa shi a jaka, kafin ta gama zaɓen burodi labari ya kai bakin ruwa.

Aslaug ba mahaukaciya ba ce, tana da dalilinta. Shekararta saba'in da ɗaya, kuma motar nan ita ce ƙafarta. Shekara uku ke nan da aka kai mijinta Halvdan gidan kula da tsofaffi a tsallaken ruwa, bayan mantuwa ta ci ƙarfinsa. Duk ranar Alhamis sai ta shiga jirgin safe da motar, ta sauka, ta yi tuƙin awa guda, ta zauna da shi har la'asar. Ba ta taɓa fashi ba. Tun kaka bai ƙara kiran sunanta ba, amma masu kula da shi sun ce in Alhamis ta yi tun safe yake jan kujera zuwa taga. Ita dai ta san cewa ranar da motar ta tsaya, Halvdan zai wuni yana kallon taga.

Motar kuwa abin alfaharinta ce. Ko ba a tambaye ta ba sai ta faɗa: shekara uku ba ta sa mata ko ɗigon baƙin mai ba, kuma ba ta taɓa yi mata tari ba. “Motocin yanzu duk kwali ne,” in ji ta. “Wannan ba ta shan mai.” Ba ta san ta inda ake zuba shi ba ma, don duk zamansu aikin Halvdan ne.

To, wata Laraba ta dawo daga taron saƙa na mata, wanda take zuwa a ƙasa duk mako, sai ta tarar an yi sabuwar dusar ƙanƙara. A cikinta ga sawu. Ya fito daga shingen maƙwabci, ya zo ƙofar direba, ya zagaya gaban motar, ya koma. Ƙafar hagu tana jan ƙasa. Duk tsibirin mutum ɗaya ne ke jan ƙafar hagu, Eilif Brattli, tun da igiyar jirgi ta karya masa ita. Ta buɗe ƙofa ta ga tabarmar ƙasa a jiƙe. Ta taɓa bonet, ta ji bai gama rufuwa ba.

Da wani ne da ta ce ko waya ya aro. Amma Eilif! Shi da Halvdan shekara goma sha tara ba sa ga-maciji, a kan bangon rumfar kwale-kwale da ya shiga filin wani da taku biyu. Har gaban hukuma aka je. Halvdan ya ci shari'a, Eilif ya rushe bangon da hannunsa cikin ruwan sama, daga ranar ko gaisuwa babu. Mutumin da ke tsallaka titi in ya hango ta, me ya kai shi cikin injin motarta? Ruwa ba ya tsami banza. Ta tuna yana da sha'awar filin da ke bayan gidanta, ta tuna in ta rasa mota dole ta koma cikin gari kusa da Halvdan, gida ya fita kasuwa. Ta haɗa wannan da wancan, lissafi ya fito daidai yadda take so. Washegari ta fara kullewa.

Mako na uku da kullewa ta buɗe ƙofar gida ta tarar da galan na baƙin mai a kan dakali, irin wanda masunta ke sa wa injin jirgi. Ba takarda, ba suna. Ranta ya ɓaci. Wato ba'a ce, ko kuwa gargaɗi? Ta ɗauke shi da safar hannu ta ajiye wa Eilif a gindin shingensa. Bayan mako guda ya sake dawowa, ta sake mayarwa, wannan karon ta ɗora masa dutse a kai.

Ranar wata Talata, kusan mako shida da kullewa, tana shan kwanar coci sai wata 'yar jar fitila mai kamar buta ta ƙifta a gabanta ta mutu. Ta ce ko idonta ne. Da ta taka birki a gangaren kanti sai fitilar ta kama ta tsaya. Abu ɗaya Halvdan ya taɓa koya mata game da mota: in kin ga ja, kashe. Ta kashe, ta bar ta ta gangara da kanta har ƙofar kanti. Ta kulle ƙofa ta shiga.

Borghild mai kanti tana bayan teburi, maza uku suna shan gahawa a kusurwa kamar kullum.

“Kira min Reidun mai gareji,” in ji Aslaug. “An yi min abin da aka daɗe ana so.”

“Wa ya yi miki me, Aslaug? Zauna mana, kin yi fari fat.”

“Ba zan zauna ba. Kun yi ta dariya na kulle mota, ko? Kun ce tsufa ya fara taɓa ni. To ga shi nan. Na ga sawunsa da idona, ƙafar hagu tana ja. Eilif Brattli ya shiga injina, kuma in Reidun ta tabbatar, 'yan sanda zan kira daga gari.”

Borghild ta zuba wa bayan Aslaug ido. Ta waiwaya, sai ga Eilif tsaye tsakanin kantocin gwangwani da ƙullin gahawa a hannu. Bai yi fushi ba, bai musa ba. Ya dube ta ta ƙarƙashin hularsa, ya yi mata magana ta farko cikin shekara goma sha tara.

“Nan take kika kashe ta?”

“Ka ji ko!” in ji Aslaug. “So yake ya ji ko aiki ya yi kyau. Na kashe, Eilif. Ba ka samu yadda kake so ba.”

Ya gyaɗa kai sau ɗaya, ya ajiye kuɗin gahawarsa a teburi ya fita yana jan ƙafa.

Reidun 'yar yayan Aslaug ce, ita ke gyaran duk abin da ke da inji a tsibirin, daga jirgi har injin yankan ciyawa. Ta haura hamsin, bakinta ba linzami. Ta zo da tarakta ta ja motar zuwa garejinta da ke bakin ruwa, Aslaug na ciki riƙe da sitiyari kamar wani zai ƙwace.

“Goggo, ba ni makulli. Ko ni ma ina cikin waɗanda ake zargi?”

“Yi aikinki dai. Ki duba da kyau, shaida nake so.”

Reidun ta ja hannun bonet da ke gefen ƙafar direba, ta ɗaga, ta zaro ƙarfen awon mai, ta goge da tsumma, ta mayar, ta sake zarowa. Ta kai shi kusa da fitila. A bushe yake, sai ɗan laima a can bakinsa.

“Kai! Goggo, ai babu komai a ciki. Famfo iska yake zuƙa in kin sha kwana, shi ya sa fitilar ta kama.”

“Ya tsiyaye shi ke nan.”

“Ta ina? Bari mu gani.”

Ta ɗaga motar sama, ta shiga ƙarƙashi da tocila. Aslaug ta bi ta duk da ciwon wuya. Reidun ta haska noti ɗin da ake kwancewa a juye mai. Tsatsa ta rufe shi, ga kuma ɗigon farin fenti da ya haɗe shi da kaskon mai, bai tsage ba.

“Kin ga fentin nan? Ni na sa shi, shekara huɗu da suka wuce, ranar da Kawu Halvdan ya kawo ta karo na ƙarshe. Ba sifana da ta taɓa wurin nan tun daga ranar.”

“To ta sama ya zuƙe. Ai masunta na da famfon hannu.”

“Motar da kika kulle? Daga ciki ake buɗe bonet, Goggo. Sai dai in aljani ne.”

Duk da haka Aslaug ba ta sauka ba. Mai son kama ɓarawo ba ya rasa ƙofar da zai ce ta nan ya shigo. Ta ce wataƙila ya yi ɓarnar tun kafin ta kulle, abin ya yi ta ci a hankali. Reidun ta ce za a gani. Ta sauke motar, ta cika ta da mai, ta cire ɗan suwic ɗin da ke kunna jar fitilar, ta ɗaura agogon awo a gurbinsa. Ta ce suwic yakan yi ƙarya, agogo ba ya yi. Ta tayar da inji ta kasa kunne. Allura ta hau ta tsaya inda ya kamata, da injin ya yi zafi ta ɗan sauka kaɗan ta sake tsayawa.

“Kin ci sa'a. Da kin ƙara ko rabin kilomita da ya buga, sai dai a sayar da ita ƙarfe. Amma sai na sauke kaskon na duba ragar famfo, kada a ce akwai datti.”

Ta kwance notin da ƙyar, ta tara kwano. Ta sauke kaskon, ta goga yatsa a tsohon man da ya kwanta a gindinsa bai gauraya da sabon ba, ta murza, ta shinshina. Sai ta daina ba'a.

“Goggo, yaushe rabon ki sa mata mai?”

“Na gaya miki ba ta sha.”

“Man shekara huɗu kamar kwalta yake zama. Wannan da ya rage a nan bai tsufa ba. Kuma ba namu na mota ba ne, ya fi kauri. Man injin jirgi ne.”

“Yauwa!” Aslaug ta tafa hannu. “Na faɗa! Man jirgi ya zuba min don ya kashe ta. Har galan ya ajiye min a ƙofa, sau biyu, yana yi min dariya. Rubuta min a takarda, Reidun, da sa hannunki.”

Reidun ta kama hannun goggonta ta ja ta ƙarƙashin injin, ta haska wajen da bel ke juyawa. Baƙin datti ne ya yi kauri kamar ƙanzo, mai da yashi da gishirin hanya, ya bi cikin motar har baya.

“Wannan ba aikin mako shida ba ne. Akwai wata roba a nan da ke hana mai fita, ta mutu tun Kawu yana gida. Ba ta ɗiga in mota na tsaye, sai tana gudu, shi ya sa ba ki gani a ƙofar gida. Duk zuwanki tsallake ki dawo, tana zubar da kusan rabin lita a kan titi. Lita huɗu injin ke ɗauka. Yi lissafi mana, ke da kika koyar da yara lissafi shekara talatin.”

Aslaug ba ta so ta yi, amma kanta ya yi da kansa. Wata biyu ma ba za ta kai ba.

“Zo ki ga na ƙarshe,” in ji Reidun. Ta sauke motar ta nuna mata saman injin. Ko'ina ƙura ce da maiƙo, ban da wuri biyu: murfin da ake zuba mai, da zoben ƙarfen awo. Su kam sai ƙyalli suke, hannu ya goge su. “Wani yana buɗe nan duk mako, shekara da shekaru. Motarki shan mai take kamar Kawu Halvdan da gahawa. Akwai dai mai ba ta. Sai kika kulle ƙofa.”

Iskar teku na kaɗa ƙofar gareji. Aslaug ta nemi wuri ta zauna a kan tsohuwar taya. Laraba, ranar saƙa, jajibirin tafiyarta. Galan a kan dakali, da dutsen da ta ɗora masa. Da tambayar da ya yi a kanti. Kunya ta rufe ta tun daga tafin ƙafa, irin wadda ba ta ji ba tun tana yarinya, kuma tare da kunyar akwai haushi, don ta fi son a ce ita ce da gaskiya.

“Me ya hana shi buɗe baki ya faɗa?” ta ce a ƙarshe.

“Eilif? Ya ajiye miki galan sau biyu. A wurinsa ai ya yi huɗuba ke nan.” Reidun ta goge hannu. “Ragar lafiya lau. Amma sabuwar roba da abin liƙe kasko sai jirgin Juma'a. Jibi ba ki da mota, Goggo.”

Ranar Laraba Aslaug ba ta je saƙa ba. Ta je kanti daidai lokacin da masu gahawa ke zaune, ta tsaya a inda ta tsaya jiya, ta ce abin da ta faɗa a kan Eilif Brattli ƙarya ne, mutumin nan shekara uku yana zuba wa motarta mai, ita ce ta hana shi. Borghild ta ce, “To, madalla,” ta miƙa mata burodi. Ɗaya daga cikin mazan ya ce ai shi tun farko ya san motar da ba ta shan mai sai ta hoto. Daga nan ta wuce gidan Eilif ta ƙwanƙwasa. Hayaƙi na fita ta bututu, takalmansa na ƙofa, amma ba a buɗe ba. Ta tsaya har sanyi ya shige ta, sannan ta koma gida. Ta buga wa gidan tsofaffi waya ta ce gobe ba za ta samu zuwa ba.

Da safiyar Alhamis, saura rabin awa jirgi ya tashi, ta ji ƙarar inji a ƙofar gida. Tsohuwar motar kifin Eilif ce. Bai yi hon ba, bai sauko ba, ya dai miƙa hannu ya tura ƙofar gefe ta buɗe. Ta zura riga ta fito da gudu irin na mai shekara saba'in.

Da suka kusa bakin ruwa ta juyo gare shi.

“Eilif, na zage ka a gaban mutane.”

“Na ji. Ina wurin.”

“Ka yafe min.”

“Ɗaura bel.”

Ta ɗauka a bakin jirgi zai sauke ta, sai ta ga ya hau da motar. A cikin jirgi ya sayi gahawa kofi ɗaya ya sha shi kaɗai yana kallon ruwa. Awa guda ta tuƙi a tsallake, maganarsa ɗaya ce, ya ce an gyara gadar nan. Da suka isa ta ce ko zai jira a mota. Ya daɗe yana kallon ƙofar ginin, sannan ya cire hula ya biyo ta.

Halvdan yana bakin taga a kujerarsa, ya rame, an taje masa gashi gefe yadda ba ya so. Aslaug ta kama hannunsa ta ce ita ce. Ya yi mata murmushin da yake yi wa kowa. Sai idonsa ya wuce ta ya sauka a kan mutumin da ke tsaye a ƙofa, ya bi ƙafar hagu da kallo, fuskarsa ta canza.

“Eilif,” in ji shi, sarai, ba gargada. “Ka duba mata mai?”

Aslaug ta juya. Eilif yana murza hula a hannu, kunnuwansa sun yi ja.

“Ana gobe za a kawo shi nan ya zo bakin shinge,” ya ce da ita, bai ɗago ba. “Ya ce tana zubarwa, ya manta bai kai wa Reidun ba, kuma gobe ma zai manta. Ya ce kada in gaya miki, in kin san daga hannuna ne ba za ki karɓa ba.”

“Ka duba?” Halvdan ya sake tambaya, ya fara damuwa, yana neman tashi. “Alhamis take tafiya. Hanyar da nisa.”

Eilif ya buɗe baki, amma Aslaug ta riga shi. Hawaye na zuba, ba ta goge ba.

“Yana dubawa, Halvdan. Duk Laraba. Ni ce na kulle motar na hana shi.”

Halvdan ya dube ta da kyau, ya ɗaure gira kamar yadda yake yi da in ta ƙona kifi.

“Haba Aslaug,” in ji shi. “Wa yake kulle mota a tsibiri?”